AMANAR DA BA TA DA BAKI: WA ZAI RIƘI KARE IDAN MAI SHI YA KWANTA CIWO?

Na san tun daga ganin kan wannan magana wasu za su yatsine fuska su ce, "Shi kuma Malam ya rasa abin rubutawa ne sai zancen kare? Ga tsadar rayuwa, ga wahalar takardu, ga 'yan'uwa a kwance asibiti." Gaskiyarku ne. To amma ku ɗan yi mini haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe, domin kuwa maganar tawa daga gadon asibitin ta taso, kuma duk mai kiwon wani abu mai rai a wannan gari namu na Sabha, ko akuya ce, ko tattabara, ko jaki, akwai rabonsa a ciki.

ABIN DA NA GANI A GONAR DABINO

Akwai wani dattijo, mutumin ƙasar Damagaram, wanda ba zan kama sunansa ba. Ya fi shekara ashirin yana gadi da ban-ruwa a wata gonar dabino, irin wadda mutanen nan suke kira mazra'a, can bayan gari ta hanyar Ubari. Iyalinsa suna gida, shi kaɗai yake zaune cikin ɗan ɗakin bulo, daga shi sai rediyo da butar shayi. Shekara shida da suka wuce ya tsinci wani ɗan kwikwiyo a bakin titi, yara sun ɗaure shi da waya suna jifa, ƙafa ɗaya ta karye. Ya kori yaran, ya ɗauke shi, ya ɗora masa ƙafar da kara da tsumma kamar yadda ake yi wa ɗan akuya. Kwikwiyo ya warke ya zama ƙaton baƙin kare, ya sa masa suna Duna. Tun daga nan ɓarawon famfo ko na wayar lantarki bai sake tsallaka shingen gonar ba.

A cikin zafin da ya wuce ciwo ya kama dattijon nan. Ya daɗe yana ɓoyewa, kamar yadda manyanmu suka saba, yana shan jiƙe-jiƙe yana cewa basir ne. Ranar da ya faɗi, 'yan'uwa suka kwashe shi zuwa asibiti, likita ya duba ya ce wannan sai Tarabulus, kuma a yau ba gobe ba. Aka yi karo-karo, aka sami mota, aka tafi. Kowa hankalinsa yana kan mara lafiya, kuma haka ya kamata. Ba wanda ya tuna cewa da asuba, kafin ya faɗi, ya ɗaure Duna a gindin dabino saboda masu zuwa ɗaukar ciyawa.

Sai a rana ta uku wani ɗalibina, yaro ɗan shekara goma sha biyu wanda mahaifinsa ke aiki a gonar da ke maƙwabtaka, ya tsaya bayan an tashi darasi yana murza hannu. Na ce, "Yaya dai?" Ya ce, "Malam, karen Baba mai gadi ya daina haushi." Na ce to sai me? Ya ce, "Shekaranjiya yana ta kuka har dare, jiya kaɗan-kaɗan, yau ban ji shi ba sam."

Da la'asar muka je. Abin da na gani ba zan manta ba. Kare kwance, harshe waje, ya tone rami a gindin dabinon yana neman sanyin ƙasa, kwanon ruwa a kife ya bushe ƙayau, igiya ta ci masa wuya. Ga ruwa can yana gudu a lambatu, tsakaninsu bai fi taku goma ba, igiyar ce ba ta kai ba. Yaron nan ya ɗebo ruwa, muka riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan har ya iya ɗaga kai.

Da daddare na sami dattijon ta wayar wanda ke jinyarsa. Murya ba ta fita sosai. Na yi masa sannu, na ce, "Baba, yaya ƙarfin jiki?" Bai amsa wannan ba. Abin da ya fara cewa shi ne, "Malam, don Allah a je a kwance Duna. Kwana uku ina faɗa musu, suna cewa zafin ciwo ne." Da na ce masa an kwance shi har ya sha ruwa, sai na ji shiru, can sai na ji yana hamdala yana kuka. Ya ce, "Ina tsoron in tafi da alhakinsa."

ME YA SA KARE NE KE SHAN WUYA?

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a Fazzan. Tun zamanin ayari kakanninmu suke ratsa Gat da Murzuk da fatu da turkuɗi zuwa Tarabulus, har yau kuwa ana jin Hausa a kasuwar Gat. Amma zaman da yawancin 'yan'uwanmu suke yi yanzu a Sabha zama ne na neman abinci: mutum shi kaɗai, iyali a Maraɗi ko Tawa ko Katsina, aiki kuwa gadi, ko noma, ko kiwo, ko gini. Irin waɗannan ayyuka su ne masu tafiya da kare. A gida in mutum ya kwanta, akwai ƙane, akwai ɗa, akwai matar da za ta zuba wa kare ƙanzo. A nan in ya kwanta, gidan gaba ɗaya ya kwanta.

Sannan ga nisa. Daga Sabha zuwa Tarabulus ya haura kilomita 700 a mota. Mai ciwon daji sau da yawa sai an dangana da Misrata ko Sabrata inda manyan cibiyoyin wannan ciwo suke, mai hali kuma ya wuce Tunisiya. Tafiya ce wadda ake cewa ta mako guda, ta koma ta wata uku. Wani kuma, da ya ga jiki ya ƙi, sai ya ce a mai da shi gida ya cika a gaban 'ya'yansa, ya bi ta Gatrun da Dirku zuwa Agadas, ba dawowa.

In an zo rabuwa da kaya, rago da akuya ba su da matsala, kasuwa za a kai su, kuɗinsu ma ya shiga cikin na magani. Kaji a yanka, tattabaru yara na rububinsu. Kare kuwa ba mai saye, ba mai ci, kuma da yawa daga cikinmu ƙyamarsa muke yi. Saboda haka ɗayan biyu ake yi masa: ko a manta da shi a ɗaure, ko a kwance shi a ce ya je Allah Ya ba shi. Dukansu biyun akwai abin dubawa.

ABIN DA MALAMAI SUKA FAƊA

Ni malamin makarantar boko ne, ba mai fatawa ba, don haka sai da na je na zauna gaban limamin unguwarmu, na kuma koma ga littattafan da muka karanta a zaure muna yara.

Mu da yawancin mutanen wannan ƙasa mazhabar Imam Malik muke bi. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan, an hana ajiye kare a gida haka kawai, amma an yarda da shi don tsaron shuka, ko rakiyar dabbobi, ko farautar neman abinci. Ashe karen gona irin Duna halas ne ajiye shi. Masu sharhi ma sun kawo labarin cewa shi kansa mai Risalar, da katangar gidansa ta faɗi a lokacin rashin tsaro, ya ajiye kare, aka yi masa magana, ya nuna cewa da Malik ya ga irin zamaninsu da abin da zai ajiye ya fi kare. Wanda ya zauna a Sabha a rikicin 2012 da na 2014 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Na biyu, a mazhabarmu duk mai rai jikinsa mai tsarki ne, har kare. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a ciki umarni ne da ake bi don bauta. Wanda ya taɓa kare don ya cece shi bai ɓata alwalarsa ba.

Na uku, kuma shi ne ƙashin bayan maganar: a cikin Muhtasar na Shaihu Halil an wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan ba makiyaya, in ya ƙi ko ya kasa sai a raba shi da ita. To kare da ke ɗaure wace makiyaya gare shi? Kuma tun da zance mafi shahara a mazhabar shi ne ba a sayar da kare, ko da yake Sahnun ya yarda da sayar da wanda aka halatta ajiyewa, hanyar da ta rage mai tsabta ita ce a ba da shi kyauta ga wanda ke bukatarsa kuma zai riƙe shi.

Kowa ya san hadisan nan biyu da ke cikin Buhari da Muslim: na mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa, da na matar da ta tsare kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ba har ta mutu, aka yi mata azaba saboda haka. Muna karanta su a majalisi muna girgiza kai. Dattijon nan da ke kwance a Tarabulus bai yi zurfi a karatu ba, amma hadisi na biyun nan shi ya hana shi barci kwana uku.

SAKIN KARE BA TAUSAYI BA NE

Wani zai ce, "To ai matar nan laifinta ba ta saki kyanwar ba. Mu sai mu saki karen." A nan ne nake so mu yi hattara. Karen da ya saba da hannu shekara shida bai iya neman abinci ba. In an sake shi a sahara, ƙishirwa ce ajalinsa. In ya shigo gari, sai ya shiga ayarin karnukan juji, waɗanda kowa ya san yadda suke tare hanya da asuba lokacin da yara ke tafiya makaranta, mu kuma muna tafiya masallaci.

Haɗarin farko shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutane wajen 59,000 a kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare suke kamuwa. Kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda dabbar da ake zargi take ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ciwo ne wanda in alamunsa suka bayyana, sai dai addu'a. Amma ana iya tare shi kafin nan, tun daga 1885 da Louis Pasteur na Faransa ya fara yi wa wani yaro allurarsa ya tsira. Don haka in kare ya ciji yaro, ko ya yaƙushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, a nufi asibiti a ranar. Kada a tsaya shafa toka ko neman gashin karen.

Haɗari na biyu ba kowa ya san shi ba, alhali ya daɗe a Libiya da sauran ƙasashen Arewacin Afirka masu kiwon tumaki. Wata 'yar tsutsa ce da ke zama a hanjin kare. Ƙwanta yana fita cikin kashinsa ya hau ciyawa, ko ganyen salak, ko gashin jikinsa. In tunkiya ko raƙumi ko mutum ya haɗiye shi, sai ya zama ƙullutu mai ruwa a hanta ko huhu, yana girma a hankali shekara da shekaru, sau da yawa sai an yi tiyata. Shi kuma kare yana ɗaukarta ne idan ya ci ɗanyar hanta ko huhu mai irin wannan ƙullutu. Ku tuna abin da muke yi ranar Babbar Salla: mahauci ya ga hanta da ƙuraje, ya yanke ya wurga wa karnuka. Da hannunmu muke shuka ciwon. Irin wannan nama binne shi ake yi da zurfi ko a ƙone.

Kare mai uban gida ana iya yi masa allura, a ba shi maganin tsutsa, a san abin da yake ci. Wanda aka saki ya fita daga hannun kowa. Ashe neman masa sabon mai riƙo kariya ce ga 'ya'yanmu.

YADDA WASU SUKE YI, DA YADDA KAKANNINMU SUKA YI

A Ingila akwai wata ƙungiya mai suna Cinnamon Trust, wadda wata mata, Averil Jarvis, ta kafa a 1985 musamman don tsofaffi da masu ciwon ajali. Masu aikin sa-kai suna zuwa su fita da karen wanda ya kasa tashi, su riƙe shi idan an kwantar da mai shi a asibiti, in kuma ya rasu su nema masa wurin zama. Wata kuma, Dogs Trust, wadda asalinta ya koma 1891, tana ba mutum kati ya ajiye, wanda ke nuna cewa in ya mutu ko ciwo ya ci ƙarfinsa su za su karɓi karensa. A Amurka kuwa, tun 2016 kowace jiha tana da dokar da ta yarda mutum ya ware dukiya a rubuce don ciyar da dabbarsa bayan ransa.

Mu ba mu da kuɗin wannan, kuma zaman kare a wurinmu daban ne da nasu, mu a gona yake, ba a kan gado ba. Amma kada wani ya ɗauka tunanin na Turawa ne. Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, an ruwaito ya yi waƙafin lambu guda a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su. A ƙasar Hausa mun san ba da kiwo: ka kai akuyarka gidan wata ta riƙe, in ta haihu a raba yadda aka yi alkawari. Fulani maƙwabtanmu suna da haɓɓanaye, inda mutum ke ba ɗan'uwansa saniya aro, ya sha nono, ya riƙe 'yan maruƙa, daga baya ya mai da uwar. Duk waɗannan hanyoyi ne na sanya dabba a hannun amana tun kafin ranar wuya. Abin da ya rage mana shi ne mu tuna da kare a cikin lissafin.

INDA DUNA YA ƘARE

Ba a rana ɗaya aka gama ba. Mai gonar ya ce sabon mai gadin da zai kawo ba ya son kare. Mutum na farko da muka samu ya ce yana so, muka kai masa, kwana biyu Duna ya tsinke igiya ya koma ƙofar ɗakin tsohon ubangidansa ya kwanta, ya ƙi cin komai. Daga nan muka koyi darasi. Wani makiyayi, mutumin Tawa, mai riƙe da tumakin wani Balarabe, ya ce zai gwada. Sai ya riƙa zuwa gonar da kansa kullum da yamma, ya kawo abinci, ya zauna nesa kaɗan yana shan shayi, bai taɓa shi ba. A rana ta biyar kare ya zo ya shinshina ƙafarsa. Ranar tafiya muka haɗa masa da tsohon bargon dattijon da kwanon da ya saba ci a ciki. Muka biya ta wurin likitan dabbobi aka yi masa allurar hauka, aka ba shi maganin tsutsa. Kuɗin duka bai kai abin da muke kashewa a shayin mako biyu ba.

Dattijon bai dawo Sabha ba. Daga Tarabulus aka wuce da shi gida, ya yi wata biyu a gaban iyalinsa, Allah Ya karɓi abinsa. Kafin nan ɗalibin nawa ya ɗauki hoton Duna a tsakiyar tumaki, muka aika masa ta waya. Ɗansa ya gaya mini cewa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, wannan kam na sauke."

SHAWARA GA 'YAN'UWA

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da nake ganin ya kamata, kuma ba ya bukatar ofis ko hatimi.

Na farko, duk mai kare, ko wata dabba, ya zaɓi mutum guda tun yana da lafiya, ya ce masa, "In wani abu ya same ni, kai ne." A faɗa a gaban shaidu biyu, a kuma sanar da mai gona ko mai gida. Mutumin ya riƙa zuwa kare ya san shi.

Na biyu, wanda likita ya gaya masa ciwonsa mai tsawo ne, kada ya jira sai ya faɗi. Kamar yadda yake lissafin bashin da ke kansa da ajiyar mutane da ke hannunsa, ya sa dabbobinsa a ciki.

Na uku, masu ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti, mutum ɗaya ya tsaya ya zagaya gidan kafin a kulle: akwai abin da ke ɗaure? Akwai abin da ke cikin keji? In mara lafiya ya ambaci dabba, a saurare shi, kada a ce sambatu ne.

Na huɗu, a nema wa kare wurin da aikinsa yake, wato gona ko garke, a ba da shi kyauta, a faɗi gaskiyar halinsa. In yana cizo a faɗa. In ya tsufa ko ciwo ya ci shi har ba mai iya riƙe shi, a kai wa likitan dabbobi ya duba abin da ya fi sauƙi gare shi. Kada a ɗauke shi a mota a yar a hanyar Birak.

Na biyar, ina roƙon shugabannin al'ummarmu na unguwanni, daga Gurda har Mahdiyya da Manshiyya, waɗanda dama su ke tara gudummawar jinya da ta jana'iza, su ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda suka saba yi: "Ya bar wani abu mai rai?" Su ne suka san wane makiyayi ke neman kare, wace gona ce ba ta da tsaro.

Mu kuma malaman makaranta akwai namu. Yaran da suka karya ƙafar Duna yana kwikwiyo 'ya'yan wasu ne, yaron da ya lura ya daina haushi shi ma ɗan wani ne. Tun daga ranar nan, duk shekara ina ware darasi guda in yi wa 'yan ajina bayanin cizon kare da haƙƙin dabba, kuma na ga suna sauraro fiye da yadda suke sauraron lissafi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya jiƙan Baba mai gadi, Ya sa ruwan da ya shayar ya zame masa sanyi a kabarinsa. Mu kuma Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka, mai baki da mara baki. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.